Ranar da Kawu Dabo Ya Gyara Mota Yana Kwance

Ban ji tsoro ba lokacin da aka turo Kawu Dabo daga gona a kan amalanke ana cewa kububuwa ta sare shi. Yana ta magana, har yana yi wa masu turo shi faɗa wai sun bi ta kan gyaɗar mutane. Ban ji tsoro ba kuma da aka shimfiɗa masa katifa a bayan akori-kurar Iliyasu, matar Kawu, Inna Larai, ta zauna kusa da kansa, ni na shiga gaba, muka kama hanyar Bici. Tsoro ya kama ni ne bayan mun tsallake rafin da ke tsakanin garinmu da babban titi. Motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Na waiwaya ta gilashin baya don in ga ko Kawu ya ji, sai na ga ya juya kai ya tofar da yawu a gefen katifa, yawun kuma ja ne.

Daga Shanono har Watari, idan mota ta mutu a hanya, mutum ɗaya ake aika wa. Mutumin nan shi ne kwance a bayan motarmu, idonsa a rufe.

Kawu Dabo ƙanin mahaifiyata ne. A Gidan Sammani aka haife shi, ƙauyenmu, inda gona ke manne da gona har ba a samun wurin ɗaure jaki sai an taka shukar wani. Su tara ne a wurin mahaifinsu, gonar kuwa ba ta isa uku ba, don haka tun yana saurayi ya tafi cin rani Kano, ya faɗa wani gareji, ya shekara goma sha ɗaya a can. Da aka zo aikin madatsar ruwan Watari sai ya samu shiga cikin masu duba motocin aikin. A nan fankar wata tifa ta cire masa kan yatsu biyu na hannun hagu. Idan yara suka tambaye shi, sai ya ce ya bar su ne a Watari suna gadin ruwa. Da aiki ya ƙare bai koma birni ba. Ya dawo gida, ya kafa rumfar kara a gindin tsamiyar bakin kasuwa, ya karɓi ɗan rabonsa na gona. Da damina ya yi noma da safe, da yamma ya zauna a rumfa. Da rani kuwa, lokacin da motocin tumatir ke kai da kawo, ko abinci sai dai a kai masa can.

Bai yi boko ba, kuma karatun allonsa bai yi nisa ba. Amma ban taɓa ganin mai haƙurin tambaya irinsa ba. Idan aka jawo masa mota, ba ya buɗe bonet. Sai ya sa direba ya zauna a benci, ya tambaye shi a ina ta mutu, a hawa ko a gangara, da zafinta ko da sanyinta, ta yi shaƙuwa kafin ta mutu ko ɗif ta ɗauke, wa ya taɓa ta na ƙarshe kuma me ya taɓa. Direbobi suna jin haushin wannan, suna cewa asibitin Dabo katinsa ya fi allurarsa tsawo. Shi kuwa cewa yake inji abu biyu kawai yake nema, mai da wuta, kuma mutanenmu kullum mai suke zargi saboda shi suke saya da kuɗinsu suna gani, alhali sau bakwai cikin goma wutar ce.

Wutar nan kuwa wani abu ne ke raba ta, distiributa, mai kama da ƙaramin tulu a gefen inji, da murfin baƙar roba wanda wayoyi ke fita daga kansa, ɗaya a tsakiya mai kawo wuta daga koyil, huɗu a kewaye masu kai ta ga fulogogi huɗu. A cikinsa akwai wani ɗan yatsa mai juyawa, rota, yana miƙa wa kowace waya wuta idan lokacinta ya yi. Kawu yana kiran distiributa mai rabon tuwo. Ya ce idan mai rabo ya rikice, kowa a gidan zai kwana da yunwa ko da tukunya cike take.

Shekarun nan da muke ciki su suka fito da gwanintarsa. Tun bayan farin da aka yi, ga kuma tsuke bakin aljihun da aka shiga, kayan gyara suka ɓace. Wanda aka samu a Kano, ko dai ya fi ƙarfin mai mota ko kuma jabu ne, a sa yau ya ƙone jibi. Kawu ya koma raya matattun kaya. Idan kontak, ɗan ƙarfen da ke haɗa wuta yana yankewa a cikin distiributa, ya ci wuta, sai ya goge shi da gefen kwalin ashana, ya auna tazararsa da kaurin kwalin. Idan ɗan gawayin da ke tsakiyar murfi ya cinye, sai ya fasa mataccen batirin tocila, ya zare baƙin sandan cikinsa, ya fiƙe shi daidai ya sa. Na taɓa ganin ya like tsagar murfi da jan farcen da ya roƙo a gidan amarya. Motar ta yi wata bakwai tana aiki.

Ni duk wannan da ido na gan shi, ban taɓa sa hannu ba. Na gama jami'a, na yi hidimar ƙasa, na dawo na tarar an rufe ɗaukar aiki. Shekara guda da rabi ke nan ina rubuta takardun neman aiki, ina kai su Bici in jefa a gidan waya. Zaman gida ya ishe ni, gona kuma ana jin nauyin a ce in je, don haka kullum da yamma sai in ɗauki tsohuwar jarida in tafi rumfar Kawu in zauna a benci. Bai taɓa ce mini in miƙo masa ko sifana ba. Yana kirana Malam Sani, yana gaya wa direbobi cewa shi kaɗai ne bakaniken da ke da mai digiri yana yi masa gadin benci. Ina dariya tare da su, amma abin yana cina.

Ranar Asabar da ta wuce, da hantsi, yana maimai a gonar gyaɗarsa, ya sa ƙafa kusa da wata tsohuwar kunya, macijiyar ta sare shi a saman idon sawu. Shi ya kashe ta da fartanya. Mai maganin garinmu ya ba shi wani jiƙo ya sha, amma shi da kansa ya ce a kai shi asibiti, domin ya san irin wannan sara tun a Watari, ya ga yadda jini ke ƙin tsayawa. Mota ɗaya ce a garin ranar, Fijon Iliyasu. Iliyasu ɗan kasuwar tumatir ne da ya sayi motar bara. Ya iya tuƙi, amma abin da ke ƙarƙashin bonet bai taɓa damunsa ba tunda ga Kawu a bakin kasuwa.

An yi ruwa da asuba, rafin ya kawo har gwiwa. Da a ce ranar lafiya ce, Iliyasu zai shiga a hankali. Ranar kuwa da gudu ya faɗa, ruwa ya tashi har kan gilashi. Muka fita, muka yi tafiyar da ba ta fi jifa biyu ba, ta mutu.

Iliyasu ya yi ta murɗa makulli, inji yana juyawa ba ya kamawa. Ya dafa sitiyari ya ce man ne. Jiya ya sayi galan biyu a hannun masu bumburutu, kuma tun lokacin zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya san an haɗa shi da kalanzir. Na ce a tambayi Kawu. Inna Larai ta ɗaga mini hannu, ta ce tun da ya sha jiƙon nan sai yanzu ya samu ya runtsa, kada a tashe shi don Allah. Iliyasu ya ɗauki galan ya ce akwai mai injin niƙa a unguwar da ke bayan gonakin can, zai je ya roƙo mai mai kyau. Ya tafi yana gudu yana tafiya.

Aka bar ni tsaye a gaban mota. Gero ya yi tsayi ta kowane gefe, babu iska, sai ƙarar rafi a bayanmu. Na buɗe bonet don dai kada in tsaya haka. Ko'ina a jiƙe yake. Sai na tuna maganar Kawu ta sau bakwai cikin goma. Na ɓalle ƙarafunan nan biyu da ke riƙe da murfin distiributa kamar yadda na sha gani yana yi, na ɗaga, na leƙa. Cikinsa duk raɓa ce, har da ɗigon ruwa yana gangarowa.

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. A cikin wannan tashin hankali, daɗi na ji. Na gano abin da direba bai gano ba. Na ga kaina ina tayar da motar kafin Iliyasu ya dawo, na ga Kawu yana ba da labarin a rumfa bayan ya warke. Na ga kuma wayoyin suna hana ni juya murfin yadda nake so, sai na tumɓuke su duka, na fito da shi fili, na goge shi da gefen rigata lungu-lungu, na shanya shi a kan rufin mota ya sha rana. Da ya bushe na mayar. Ta tsakiya ba ta da wuya. Huɗun nan kuwa na tsaya ina kallonsu, sai na ga ai abin a fili yake: fulogi na farko rami na farko, na biyu na biye da shi, haka har huɗu. Na jera su, na rufe bonet.

Ba a bar mini makulli ba, yana aljihun Iliyasu. Ya dawo bayan kusan rabin awa da rabin galan, da manoma biyar da suka biyo shi da suka ji wanda aka ɗauko. Suka zuƙe tsohon man daga kabureta, suka zuba sabo. Iliyasu ya murɗa. Injin ya yi wata irin girgiza, ya yi kamar zai kama, ya shaƙe. Ya sake, ya sake, har batir ya fara ja da ƙyar. Aka ce a tura. Aka tura gaba, aka tura baya, a cikin taɓo, mutum biyar da ni na shida.

Tun murɗawa ta biyu na san ba haka take yi ba kafin in taɓa ta. Da farko shiru take yi, yanzu kuwa tana shure-shure. Na san hannuna ne. Amma na yi shiru, ina turawa tare da su, ina cewa a raina wataƙila wannan karon ta kama, in huta da faɗa. Wannan shirun ya fi minti arba'in. Na duba agogona sau da yawa, shi ya sa na sani. Shi ne abin da ke hana ni cin abinci har yau, ba cire wayoyin ba.

A turi na ƙarshe salansa ta buga wata ƙara kamar bindiga. Kawu ya buɗe ido. Ya ce a tsaya. Muryarsa ta yi ƙasa, sai da muka matso. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, dasashinsa yana ta tsattsafo da jini, Inna Larai tana goge masa da bakin mayafi. Ya tambayi Iliyasu yadda ta mutu. Iliyasu ya fara ba shi labarin masu bumburutu, ya katse shi ya ce ba wannan ya tambaya ba, a ina ta mutu. Aka ce bayan rafi. Ya ce ta buga bindiga a lokacin? Aka ce a'a, sai yanzu. Ya ja numfashi.

"Ruwa ba ya sa mota harbi," in ji shi. "Wa ya cire mata wayoyi?"

Iliyasu ya rantse babu wanda ya taɓa. Manoman suka dubi juna. Na ce, "Ni ne, Kawu."

Na zaci zai yi faɗa, ko ya kawar da kai. Sai ya tambaye ni abin da na gani da na buɗe. Na ce ruwa. Ya ce na goge? Na ce na goge har na shanya. Ya ce to ciwon farko na gano shi daidai, kuma da na goge a wurin na mayar ba tare da na cire komai ba, da yanzu muna Bici. Bai faɗe shi da zafi ba, kamar yadda yake gaya wa kowane direba gaskiyar motarsa ne. Sannan ya tambaye ni yadda na jera su, na gaya masa. Sai ya yi wani abu mai kama da dariya, jini ya biyo gefen bakinsa.

"Malam Sani, inji bai yi makaranta ba. Shi ƙirgarsa ɗaya, uku, huɗu, biyu."

Iliyasu ya ce bari ya je ya canja. Kawu ya ce a'a, wanda ya cire shi zai mayar, shi Iliyasu ya shiga ya zauna, ya kashe makulli, ya sa giya ta huɗu. Ya ce sanin jeri bai isa ba, sai an san ramin da za a fara da shi, kuma wannan injin ne zai faɗa da kansa. Daga nan ya riƙa ba ni umarni ɗaya bayan ɗaya, ba ya faɗar na gaba sai na ce na gama na baya. In ɗauki sifanar fulogi a ƙarƙashin kujera. In kwance fulogin da ke can baya kusa da gilashi, domin irin wannan motar daga baya take fara ƙirga, ba daga gaba ba kamar yadda na ɗauka. In buɗe murfin distiributa in bar rota a fili. In toshe ramin fulogin da babban yatsana, in danne sosai. Sannan ya ce wa manoman su tura, amma ba turin tayar da mota ba, turin da za a yi wa amalanken ƙwai.

Suka dafa suka tura kaɗan-kaɗan. Injin yana juyawa a hankali, rota yana tafiya a gaban idona. Ramin da zafinsa, yana ƙona ni, ban ɗaga ba. Da farko na ji kamar ana tsotsar yatsana. Na faɗa, Inna Larai ta isar masa, ya ce ba shi ba ne, a ci gaba. Can sai na ji iska tana turo yatsan da ƙarfi har tana fita da huci ta gefe. Na ce ga shi. Ya ce a ƙara ɗan kaɗan har turin ya tsaya. Aka tsaya. Ya ce in dubi inda bakin rota ya nuna, in ɗora murfi in ga ramin da ya dace da wurin, nan ne gidan waya ta ɗaya. Sauran kuma in bi ta inda na ga rota yana juyawa, uku, huɗu, biyu, ina bin kowace waya da hannu daga fuloginta har murfi, kada in yarda da ido.

Sai da na kasa ɗaura fulogin sau biyu. Wani dattijo cikin manoman ya riƙe mini bonet yana cewa sannu ɗan nan, sannu. Da na gama, Kawu ya sa na karanta masa jerin da baki, yana ji. Sannan ya ce a tura na gaske.

Ba ta yi taku goma ba ta kama. Babu wanda ya yi murna da ƙarfi. Manoman suka ce Allah ya ba shi lafiya, suka tsaya a gefen hanya da taɓo har cinya. Na ce zan koma baya in zauna tare da Kawu da Inna Larai. Muna tafiya Kawu ya saurari injin na ɗan lokaci, ya ce wutar ta ɗan yi jinkiri amma za ta kai mu. Bayan nan bai sake maganar mota ba. Ya tambayi Inna Larai ko an kwaso fartanyarsa daga gona, sannan ya rufe ido.

Mun isa ƙaramin asibitin Bici da muka fara nufa bayan la'asar. Suka duba shi, suka ce maganin dafi ya yanke musu kamar yadda ya yanke a wurare da yawa, mu wuce Kano kada mu tsaya. Muka shiga birni ana kiran magariba. Likitan da ya karɓe shi ya tambayi ƙarfe nawa aka sare shi. Na ce wajen goma na safe. Ya rubuta, ya dubi agogon bango. Na so in tambaye shi ko awa biyu suna da bambanci a irin wannan, amma ban tambaya ba. An ɗebi jinina an ƙara masa. An samu kwalba ɗaya ta maganin an yi masa, aka ce yana buƙatar ƙari, ana nema.

Washegari ya farfaɗo kaɗan, ya gane mu, amma kumburin ya kai cinya kuma fitsarinsa ya yi baƙi. Na zauna kusa da shi na gaya masa maganar minti arba'in ɗin nan, cewa na san ni ne kuma na yi shiru. Ban sani ba ko ya ji. Idonsa a buɗe yake, yana kallon rufin ɗaki. Inna Larai ta ji, domin tana zaune a tabarma a gefen gado. Da rana ta ce in bi Iliyasu in koma gida in sanar da mahaifiyata halin da ake ciki, in kuma nemi mutum biyu cikin dangi da za su zo su ba da jini. Na tura su ranar Litinin.

Yau Laraba. Babu wanda ya dawo daga cikinsu. Jiya da safe Iliyasu ya yi lodin albasa zuwa Kano, ya ce zai biya asibiti ya taho mana da labari. Ya kamata ya iso tun jiya da yamma. Mahaifiyata ta aiko sau uku tana tambaya ko an ji wani abu. Ina zaune a bakin kasuwa inda ake hango hanya, la'asar ta wuce, har yanzu bai zo ba, kuma ba mu san halin da Kawu yake ciki ba.